Indomin mota: Abin da direba ke yankewa ya sayar, fasinjan Batsari da Safana ya shaƙi hayaƙi

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Katsina zuwa Batsari, ko daga Dutsin-Ma zuwa Safana, ya san warin. Da zarar direba ya tayar da tsohuwar Golf a tasha, sai wani hayaƙi mai yaji ya biyo ta ƙasan but, ya shiga ido, ya tsaya a maƙogwaro. Fasinjojin baya su ja rawani ko gefen hijabi su toshe hanci. Kafin a isa, wani ya fara ciwon kai, wata na tashin zuciya, a ɗora laifin a kan gargadar hanya ko zafin rana.

Amma wani kaso na laifin yana ƙarƙashin motar. A jikin salansa, tsakanin inji da tukunyar da ke rage ƙara, akwai wata 'yar tukunya ta ƙarfe da masu ƙera motar suka sa domin tace hayaƙi. Kanikawan Najeriya suna kiranta indomi, saboda abin da ke cikinta ya yi kama da taliyar Indomie kafin a dafa ta. A motoci da yawa da ke yawo a ƙasar nan, tukunyar tana nan amma cikinta wayam. A wasu ma an yanke ta gaba ɗaya, mai walda ya jona guntun bututu a gurbinta.

Dillalin da ba ya karɓar la'ada

Abin da ke cikin tukunyar wani dunƙulen tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kusan 400 a faɗin inci ɗaya murabba'i. An shafe bangon ramukan da wani gari mai kaushi, wanda idan za a shimfiɗe dukkan lungunansa zai fi filin ƙwallo faɗi. A kan garin aka barbaɗa ƙarafa uku masu tsada: filatinam da faladiyam da rodiyam. Duka-duka nauyinsu a mota guda bai wuce 'yan giram ba.

Waɗannan ƙarafa su ne masana sinadarai ke kira katalis. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a tuna da dillali a kara ranar kasuwar Batsari. Mai sa na gefe, mai kuɗi na gefe, kowa na buƙatar ɗan'uwansa, amma ciniki ya ƙi faɗawa. Dillali ya shiga tsakani, ya ja hannun wannan ya ja na wancan, a yi sallama, shi kuma ya koma ya jira na gaba. Ba ya bin san, ba ya bin kuɗin. Katalis ma haka yake haɗa sinadaran da ba su saurin haɗuwa da kansu, ya fito yadda ya shiga. Bambancin kawai, shi ko la'ada ba ya karɓa.

Matan gida sun daɗe suna aiki da irin wannan dabara. Lokacin da mai kunun zaƙi ta zuba niƙaƙƙen tsiro ko ɗanyen dankali a cikin damammiyar gasara ta rufe ta kwana, wani sinadari da ke cikinsu ne ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari, kunun ya tsinke ya yi zaƙi. Masanin ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835. Takin yuriya da manomin Ruma ko na Runka ke watsa wa masara ma ta nan ya fito: a 1909 Bajamushe Fritz Haber ya nuna yadda za a kamo naitirojin daga iska da taimakon katalis, a 1913 aka buɗe masana'anta ta farko da ke yin haka a Oppau, da katalis na baƙin ƙarfe.

A cikin salansa, aikin indomi uku ne. Injin fetur ba ya ƙone mai tas, don haka yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi amma tana kisa. Yana fitar da ɓurɓushin fetur da bai ƙone ba, wanda shi ne warin da ake ji. Zafin cikin injin kuma yana haɗa naitirojin da oksijin na iska su zama wata iska mai cin huhu. Filatinam da faladiyam suna ƙarasa ƙone biyun farko su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa. Rodiyam ya raba ta ukun, ta koma naitirojin ɗin da muke shaƙa kullum ba tare da illa ba. Idan indomi na da lafiya kuma ya ɗauki zafi, yana rage kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan guba uku.

Maganar zafi tana da muhimmanci. Sai ya kai kimanin digiri 250 zuwa 300 yake fara aiki sosai, shi ya sa ko lafiyayyar mota kan yi wari a mintunan farko na safiya, musamman da hunturu.

Yadda ya kori dalma daga fetur

Wani Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugène Houdry, wanda ya yi suna wajen amfani da katalis a matatun mai, shi ya fara ƙera irin wannan tukunya a shekarun 1950, lokacin da hayaƙin motoci ya addabi birnin Los Angeles. Ba ta karɓu ba a lokacin, domin fetur ɗin zamanin ana zuba masa dalma, ita kuwa dalma tana lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su cikin ɗan lokaci.

Dokar tsaftace iska da Amurka ta yi a 1970 ce ta tilasta wa kamfanonin mota. Daga motocin 1975 aka fara sa indomi a kusan kowace sabuwar mota a can, dole kuma gidajen mai suka fara sayar da fetur marar dalma. Turai ta biyo baya a 1992 zuwa 1993. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun gama daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan dalma. Sun ji abin da ta yi a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare. Guba iri ɗaya ce aka shekara da shekaru ana fesawa ta salansa a kowane titi, kaɗan-kaɗan, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Buƙatar kare indomi na cikin manyan abubuwan da suka sa aka cire ta.

Golf 3 da ta cika tashoshin Katsina an fara ƙera ta ne a 1991, Sharon kuma a 1995. Ke nan kusan duk mai fetur a cikinsu da ta yi rayuwarta ta farko a Jamus ko Holan ko Beljiyam, da indominta ta fito daga kamfani.

Ya fi zinare tsada

Abin da ya mayar da indomi abin farauta shi ne farashin ƙarafan cikinsa. Afirka ta Kudu ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin duniya da kusan kashi 80 na rodiyam, Rasha kuma na kan gaba a faladiyam. Da ƙasashe kamar Sin da Indiya da na Turai suka tsaurara dokokin hayaƙi, buƙata ta ƙaru, annobar korona kuma ta tsayar da wasu ma'adinan. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato kimanin giram 31, ta haura dala 29,000, a lokacin da oza ta zinare ke wajen dala 1,700. Shekara guda bayan nan, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, faladiyam ya wuce dala 3,000.

Satar indomi ta zama annoba har a ƙasashen masu kuɗi. A Amurka kaɗai an kai rahoton sama da 64,000 a 2022. Farashin ƙarafan ya faɗi sosai bayan nan, amma kasuwar ta riga ta kafu, faɗuwar darajar naira kuma ta sa har yanzu cinikin na da maiƙo a nan. Gwargwadon irin motar, indomi guda kan tashi daga dubun-dubatar naira zuwa ɗaruruwan dubbai a hannun masu saye.

A matakai da dama mota kan rabu da shi. Wasu tun a Turai. A watan Oktoban 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshin ruwansu ya gano cewa yawancin motocin da ake lodawa zuwa Afirka shekarunsu 16 zuwa 20 ne, wasu kuma an riga an yanke musu indomi. Wadda ta tsira a can tana iya rasa shi a Kwatano ko Legas, ko a filin dillalan mota, ko a garejin da mai ita ya bar ta ta kwana. Wani lokaci mai motar ne da kansa zai sayar, ya biya kuɗin taya ko na makarantar yara.

Daga hannun 'yan gwangwan kayan kan wuce wurin manyan masu saye a birane, a niƙe su a fitar da su waje, domin narkar da su a ciro ƙarafan aiki ne na manyan masana'antu ƙalilan. Ɗaya daga cikin mafi girma tana Hoboken, a gefen Antwerp ta Beljiyam, tashar ruwan da ake lodo yawancin motocin da muke kira 'yan Beljiyam. Ƙarafan da aka ciro suna komawa cikin sababbin motoci, da na'urorin da ke samar da lantarki daga iskar haidirojin, waɗanda su ma filatinam ne zuciyarsu. Can suna tace iskarsu da shi karo na biyu, a nan kuma tsohuwar motar na ci gaba da lodi da buɗaɗɗen bututu.

Direban ma yana da hujja

Ba adalci ba ne a ce duk direban da ya cire indomi kwaɗayi ne ya ja shi. Indomi na toshewa, kuma idan ya toshe injin ba ya iya fitar da numfashi. Mota ta daina ja, ta riƙa zafi, ta sha mai, a taka totur a tudu ta ƙi amsawa. A hanyoyin da ke gefen Dajin Rugu, inda aka shafe shekaru ana tare matafiya, motar da ke iya mutuwa a tsakiyar hanya ba abin wasa ba ce. Direban da bakanike ya ce wa sabon indomi ya fi ƙarfin aljihunsa, amma za a iya fasa na cikin a zubar har a ba shi kuɗi, ba zai daɗe yana tunani ba.

Sai dai indomi ba ya toshewa haka siddan. Idan fulogi ya mutu, ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin salansa ya kama da wuta a kan tangaran ɗin har ya narke. Idan zoben fistin ya cinye, injin na shan baƙin mai, tokarsa ce ke liƙe ramukan. Tura mota a tayar da ita kullum saboda batir ya mutu ma yana aika masa ɗanyen mai. Cire indomi a irin wannan hali yana sa mota ta sake, amma ciwon da ya kashe shi yana nan a cikin injin.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa indomi na shan mai, wadda ta ƙara ƙarfi tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Lafiyayyen indomi ba ya shan mai ta yadda direba zai gani a aljihunsa. A motocin da suka fi sabunta, akwai sensa a gabansa da bayansa da ke aika wa kwamfutar mota saƙo. Idan aka cire shi sai wutar gargaɗi ta kunnu a dashbod ta ƙi mutuwa, kuma ranar da wata matsala ta gaske ta taso direba ba zai gane ba, tunda ya saba ganin wutar.

Mai sayen mota na iya ganewa idan an taɓa. Sabon tabon walda a jikin tukunyar, ƙarar da ta fi ta da, da wari mai yaji ko bayan injin ya yi zafi, duk alamu ne. Wasu masu mota sukan tsaya a kan motarsu idan za a taɓa salansa, ko su sa a walda ƙarfe a kewaye da tukunyar.

Man da ake zubawa

Bayan dalma, babban makiyin indomi shi ne salfa, wato farar wuta. Tana zama a kan ƙarafan ta rage musu kaifi. Tun 2009 Turai ta ƙayyade ta a kashi 10 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu dizal mai salfa har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A lokacin dokar Najeriya ta halatta dizal mai kashi 3,000 cikin miliyan. A watan Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu cewa kada ta wuce 50.

Cire salfa daga mai shi ma aikin katalis ne, a cikin matata, inda ake haɗa man da haidirojin a kan ƙarafa irin su kobalt da molibdinam. A kan wannan batu ne aka yi musayar yawu a watan Yulin 2024 tsakanin matatar Dangote da hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai. Shugaban hukumar na lokacin, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida ya fi na waje salfa. Matatar ta yi gwaji a gaban 'yan Majalisar Wakilai, ta ce nata bai kai kashi 90 cikin miliyan ba, na wajen da aka sayo a gidajen mai biyu kuma ya haura 1,800 da 2,600.

Ko man ya fito da tsafta daga matata, sai ya bi hannuwa kafin ya isa ƙauye. A garuruwan da gidan mai ke da nisa, kwalba da galan ɗin 'yan bumburutu ne gidan mai. Dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021, wadda ta hana sayar da mai a jarka ta kuma taƙaita gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana, ta nuna yadda samun mai a nan ya dogara da abubuwan da direba ba shi da iko a kansu. Man da aka gauraya da kananzir ko ya sha ƙura da ruwa ba ya ƙonewa da kyau, abin da bai ƙone ba kuma kan indomi yake sauka.

Wa ke shaƙa?

A ƙauye iska na da faɗi, hayaƙi na bajewa, wannan gaskiya ne. Haɗarin yana wurin da mutum da bakin salansa suka kusanci juna na tsawon lokaci: ɗan kamasho da ke wuni a tasha, mai shayi da mai ƙosai a bakin titi, yara masu talla da tsayinsu bai wuce na bakin bututun da yawa ba, da fasinjan da aka cusa a but ƙofa a buɗe, inda iskar tafiya ke juyo da hayaƙin ciki. Kabon monoksaid na manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, shi ya sa alamarsa ta farko ciwon kai ce da jiri da gyangyaɗi. Direba mai gyangyaɗi da mutum goma a mota matsala ce ta daban. Ɓurɓushin fetur na ɗauke da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar jini. Mai asma ko tsoho mai tari, wanda ƙurar hunturu ta riga ta gajiyar, shi ya fi saurin jin jiki.

Indomi ba zai wanke iskar Batsari da Safana shi kaɗai ba. Abin hawan da ya fi yawa a yankin babur ne, kuma galibin waɗanda ake shigowa da su masu kafireto ne na tsohon yayi. A Indiya, inda ake ƙera Boxer, tun Afrilun 2020 doka ta tsananta har sai da baburan da ake sayarwa a cikin ƙasar suka koma tsarin fesa mai na zamani tare da indomi mai ƙarfi. Ƙaramin janaretan shagon caji da na mai aski ba shi da komai a salansarsa, shi ya sa kwana da shi a ɗaki ko zaure ke kashe iyali guda. Hayaƙin icen girki kuwa ya fi duk waɗannan shiga huhun mata da yara. Indomi kuma ba ya rage kabon dayoksaid mai ɗumama duniya. Ko motocin da ake mayarwa masu amfani da iskar gas ta CNG, a shirin da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2023, suna buƙatarsa, domin gas ɗin da ya kuɓuce bai ƙone ba ya fi fetur wuyar ƙonewa a salansa.

Doka dai akwai ta a takarda. Hukumar NESREA na da ƙa'idar hayaƙin ababen hawa tun 2011, a farkon 2023 kuma aka ƙaddamar da shirin gwajin hayaƙin motoci da na janareta na ƙasa. Yarjejeniyar Wagadugu ta ce daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita yankin sai ta cika ma'aunin Turai na huɗu, abin da motar fetur ba za ta iya ba sai da lafiyayyen indomi. A shingayen hanyar Katsina zuwa Batsari, abin da aka saba tambayar direba shi ne takardu da lasisi da abin kashe gobara. Wurin da ya fi sauƙin kama matsalar shi ne tashar ruwa da kan iyaka, kafin a biya kuɗin fito, domin leƙa ƙarƙashin mota da gwada hayaƙinta aikin 'yan mintuna ne. Da zarar ta wuce nan babu indomi, ta shiga layin lodi a tasha, haka za ta yi ta aiki har ranar da 'yan gwangwan za su saye gangar jikin.